Wace uwar bindiga za ka gina bindigar gasa a kanta? Awo ga mai zaune a Yamai

Wanda ya riƙi wasan harbin saiti da gaske, ba a daɗewa bindigar kanti take yi masa kaɗan. Sai ya fara son bututu mai kauri wanda ba ya saurin ɗaukar zafi, da ƙota daidai tsawon hannunsa, da kunama mai laushi wadda ba ta janye masa saiti. Abin da masu wasan suka saba yi shi ne su sayi bindigar farauta ta kamfani, su kwance ta, su riƙe uwar kaɗai, wato gidan ƙarfen nan da sakata ke kai da komo a cikinsa tana tura harsashi tana kulle shi, sannan su gina sauran a kanta sannu a hankali. Bututu yana cinyewa a sake shi. Ƙota ana canza ta, madubin hange ana sayar da shi a sayi wani. Uwa ce ke zama, ita ce kuma ke ɗauke da lambar da za a rubuta a takardunka, don haka kuskure a kanta yana da tsada.

Yawancin shawarar da ke yawo a kan wannan batu daga Amurka ta fito, ƙasar da gwanayen gyaran bindiga suke ko'ina kuma kayan gyara ke iske mutum har ƙofar gida. Mu a Yamai ba mu da wannan gata. Ni a ganina uwar da ta fi dacewa da mu ita ce wadda za ta iso ta yi aiki ba tare da an sake ɗora ta a kan injin sassaƙa ƙarfe ba, kuma take cin harsashin da hukuma za ta yarda ka saya. Da wannan idon na auna duk waɗanda ke ƙasa.

Abin da za a duba kafin a fitar da kuɗi

Takarda ce farko. A Nijar farar hula ba ya shigo da bindiga ko ya mallake ta sai da izinin ma'aikatar cikin gida, makaman yaƙi kuwa haramun ne gare shi, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai aikin tattara makaman da ba sa kan ƙa'ida. Ƙasar da za a sayo kayan ma tana da nata lasisin fitarwa. A halin tsaron da muke ciki, wanda bai da takarda cikakkiya ya tsaya a nan, sauran bayanin ba nasa ba ne. Mai takarda kuma ya je ya tambaya, a ba shi amsa a rubuce, ko sauya bututu yana bukatar sabon izini, domin girman harsashin da ke cikin takardarka shi jami'i zai duba ranar da ya tare ka.

Girman harsashin shi ke zaɓar maka fuskar sakata, wato gabanta inda gindin harsashi ke zama. Harsasai irin .308 Winchester da 6.5 Creedmoor da .243 da 7mm-08 duk gindinsu ɗaya ne, kusan milimita 12, saboda haka sakata ɗaya tana ɗaukar su. Su .222 da .223 gindinsu ƙarami ne, wajen milimita 9.6. Idan ka sayi uwa mai ƙaramar fuska, ka rufe wa kanka ƙofar manyan, sai dai ka sake sakata. Akwai wani abu kuma: .308 ɗan'uwan harsashin soja 7.62 ne, .223 kuma ɗan'uwan 5.56. A Faransa sai a 2013 aka sassauta wa mafarauta riƙe .308, abin da ya sa su .243 da 7mm-08 da .222 suka yi kasuwa a can shekara da shekaru. Kada ka ɗauka za a ba ka izinin kowane girma. Tambaya tukuna, sayayya daga baya.

Sai yawan aikin gwani. Ɗaura bututu a kan uwa aiki ne na ɗan sashen milimita. Idan ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi ta yi yawa, ƙwanso na iya tsagewa, iska mai zafi ta dawo wa mai harbi a fuska. Masu injin tur na garin nan suna da hannu, na yarda, amma wannan aiki na wanda ya koyi sana'ar bindiga ne, yake da ma'aunanta da izinin taɓa ta. Duk uwar da ke bukatar a gyara mata fuska ko zaren da ake murɗa bututu a cikinsa kafin ta yi daidai, lissafinta ya hau.

Yanayinmu ma alƙali ne. Ƙurar hunturu tana shiga duk inda iska ta shiga, in ta tarar da mai sai ta zama taɓo mai cin ƙarfe. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, harsashin da aka bari a rana kuma ƙarfin albarushinsa yana ƙaruwa, ƙwanso ya kumbura ya maƙale. A irin wannan rana ake gane ƙarfin ƙugiyar da ke fizgo ƙwanso waje.

Na ƙarshe kuɗi, amma kuɗin gaba ɗaya. Sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957, wato Yuro 1,000 ya kama jika 656 kafin a yi zancen jigila da duwan. Madubin hange mai kyau yakan ci kuɗin bindigar ko fiye, harsashin shekara biyu kuma yakan wuce su duka.

Remington 700

Tun 1962 take kasuwa, kuma babu uwar da aka yi wa kayan ƙari kamar ta. Bindigogin saiti na sojan Amurka, M24 da M40, a kanta aka gina su. Jikinta zagayayye ne, yana da sauƙin zama a cikin ƙota, allurarta, wato tsinken ƙarfen da ke bugun gindin harsashi ya tashi, tana da saurin bugu. Duk mai ƙera ƙota ko kunama a duniya da ita yake fara aunawa. A can Amurka tana nan kamar Hilux a wajenmu, ko ina ka tsaya akwai kayan gyaranta da wanda ya san cikinta.

Amma wannan suna da ta yi, rabinsa aikin gwanaye ne. An saba idan aka sayi 700 don gasa sai an kai ta an daidaita fuskar uwar, an gyara zaren, an goge haƙoran sakata biyun masu kulle ta su zauna daidai, wani lokaci a cire ƴar ƙugiyar ƙwanso ta asali, wadda siririya ce, a sa mai ƙarfi. Wane ne zai yi maka wannan a Yamai? In ka ce a yi aikin a waje kafin ta iso, kuɗin ya kusa kai na uwar da aka ƙera don gasa tun farko. Ga kuma tarihin kamfanin: ya durƙushe sau biyu, a 2018 da 2020, tsohuwar masana'antarsa ta Ilion a jihar New York ta rufe a 2024, kuma masu harbi da yawa sun koka da ingancin waɗanda aka yi gab da durƙushewar. Tsohuwar kunamarta ta sha ƙararraki a kotu kan tashi ba tare da an taɓa ta ba, wadda ta gaje ta ma, X-Mark Pro, an yi kiran a maido da wasu a 2014. Wanda ya samu 700 ta hannu, ya ƙudurta zai sake mata kunama kafin ya sa mata harsashi.

Ga wanda kayan ƙarin 700 ne suka ja hankalinsa, akwai Bergara B-14 ta ƙasar Sifen. An yi ta a kan zubin 700, ƙotoci da kunamomin 700 da yawa suna shiga, kuma tana zuwa da bututu mai kyau tun daga kamfani.

Tikka T3x

Wannan ce zuciyata ta fi kwanciya da ita, zan kuma faɗi dalili. Kamfanin Sako ne ke yin ta a garin Riihimäki na ƙasar Finland. T3 ta fito a 2003, T3x ta gaje ta a 2016. Abin da ya ɗaga darajarta a wajen masu gini shi ne daidaiton aikin masana'antar: uwa ɗaya da ƴar'uwarta kusan babu bambancin awo, har masu yin bututu suna sayar da wanda aka gama yanka wa zare da ɗakin harsashi (ramin gindin bututu inda harsashi ke zama kafin a harba), gwani ya ɗaura ya auna kawai. Aikin injin da ke cin kuɗin mai 700, a nan babu shi.

Sakatarta tana tafiya sumul, hannun yana ɗagawa digiri 70 maimakon 90, don haka yatsa ba ya gogar madubi, kai kuma ba ka ɗaga kai daga saiti. Kunamar asali ana rage mata nauyi zuwa wajen kilo ɗaya, tana karyewa tsaf, mutane da yawa ba sa ganin dalilin sake ta. Tagar fitar ƙwanso ba ta da faɗi sosai, abin da ke ƙara wa uwar tauri kuma yake ɗan rage wa ƙura hanya. Kamfanin yana ba da tabbacin harbi uku za su taru cikin abin da bai kai santimita 3 ba a mita 100, in harsashin mai kyau ne.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: in ka zaɓi samfurin da ya zo da bututu mai kauri, kamar Varmint ko CTR, ginin ya kusa ƙarewa tun ranar saye. Ka harbe wannan bututun har ya cinye, wanda a .308 yakan ɗauki harsashi dubu biyar ko fiye, a 6.5 Creedmoor kuma wajen dubu biyu zuwa uku. A wajen mai sayen harsashi da izini da lissafi, shekaru ke nan. Abin da za ka sauya a tsakani ƙota ce kawai, ita kuwa kusoshi biyu ke riƙe da ita.

Tana da nata aibi. Tsawon uwar ɗaya ne ga dukkan harsasai, gajere da dogo, gidan harsashi (akwatin da ake jera harsasai a ciki) da matsayar sakata ne ke bambanta su. Gidan harsashin roba na samfuran farauta yana da tsada in ya ɓace, don haka ka sayo biyu tun farko. Bututun asali a ɗaure yake tam, ba a kwance shi sai da kayan aikinsa. Ba ta da araha kuma: a kantunan Faransa sabuwa ta haura Yuro 1,000, masu kaurin bututu sun fi haka nesa.

Howa 1500

Ƴar Japan ce, tana kasuwa tun 1979, ita ce kuma Weatherby ke sayarwa da sunan Vanguard. Ƙarfen uwar bugagge ne, ƙasanta shimfiɗaɗɗe, kuma tudun da ke tare bugun baya a jikinta aka ƙera shi, ba wani faranti ne daban da aka matse tsakanin uwa da bututu ba kamar a 700. Ƙugiyar ƙwansonta babba ce, irin wadda masu 700 ke biyan kuɗi a sa musu. A zafin Mayu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babbar fa'idarta ga mai gini ita ce ana sayar da ita uwa da bututu da kunama a haɗe, babu ƙota. Ba ka biyan kuɗin abin da za ka jefar. Ka zaɓi mai bututu mai kauri, ka sayi ƙotar da kake so, ka ɗaure kusoshi biyu, an gama. Tana da tsawo uku: dogo, gajere, da ƙarami na su .223. Kunamarta mai hawa biyu ce, wato tana ɗan tafiya ta tsaya kafin ta karye, ta isa a fara gasa da ita.

Tana da nauyi, amma ga mai harbi a kwance ko a kan tebur nauyi alheri ne. Sakatarta ba ta kai ta Tikka santsi ba sai ta sha aiki. Zaren bututunta na awon milimita ne, kuma masu yi mata bututun da aka gama ba su kai na Tikka ko Savage yawa ba, haka ma ƙotoci. A kuɗi takan zo ƙasa da Tikka sosai, kuma abin da ka rasa a wannan ragin bai taɓa daidaiton harbi ba.

Savage 110

Zubinta na 1958 ne, kuma dabaru biyu suka rayar da ita. Bututun da noti ake kulle shi, don haka gwani yana daidaita ratar harsashi da ma'auni ba tare da injin tur ba. Kan sakatar kuma ba a kafe yake ba, yana ɗan motsi ya zauna daidai da kansa, kuma ana iya sake shi a koma wani girman harsashi. A takarda wannan ya yi kama da maganin matsalarmu, kuma gaskiya ne Savage suna harbi daidai. Samfurin 12 F/TR ana shiga gasar nesa da shi yadda ya fito daga kwali.

Abin da ke sa ni ja da baya guda biyu ne. Sauƙin sauya bututun yana ruɗar mutum ya ga kamar zai iya da kansa a tsakar gida, alhali haɗarin da batun izinin suna nan yadda suke. Sannan kamfanin ya sha canza awo: ratar kusoshin ƙota ta tsofaffi daban da ta sababbi, kaurin zaren bututu iri biyu ne, wurin maɓallin cire sakata ma ya sauya. Ba'amurke in ya yi odar ƙotar da ba ta shiga ba, mayarwa yake yi. Kai da kayanka suka yi watanni a hanya, suka bi ta duwan, asara ce ta zauna. Ɗaga sakatarta kuma yana da ɗan tauri, yana motsa bindiga daga saiti.

Mauser 98

Ina girmama ta. Tun 1898 Paul Mauser ya gama zubinta, kuma har yau babu wadda ta fi ta jure ƙasa da ƙura: doguwar ƙugiyarta tana kama ƙwanso tun daga gidan harsashi ba ta saki sai ta jefar da shi. Don farauta a daji, madalla. Don gasa kuwa, allurarta mai nauyi ce, tafiyarta doguwa, lokacin da take ɗauka kafin ta bugi harsashi ya kusa ninka na 700, a cikinsa kuwa hannu yana motsi. Tsofaffin na soja sai an huda su don madubi, an lanƙwasa hannun sakata, an sake kunama, kuma ba ka san wutar da ƙarfen ya sha ba a shekarun da ya yi. Tsohuwar bindigar soja da ba ta da asali a takarda kuwa, ko kyauta aka ba ka, hanyarta ɗaya ce: a miƙa ta ga hukuma. Mai son wannan zubi sabo, Zastava ta Sabiya tana yin M70.

CZ 457

Na sa ta a jerin da gangan, ko da yake ƙaramin harsashi take ci, .22 LR. Mu tambayi kanmu: filin mita nawa muke da izinin harbi a cikinsa, kuma harsashi nawa muke iya saye a wata? Gasar bindiga ta Olamfik a mita 10 ake yin ta da bindigar iska, a mita 50 kuma da .22 LR. Wannan ba wasan yara ba ne.

A garin Uherský Brod na ƙasar Cek ake yin ta, ta shigo kasuwa wajen 2019. Hannun sakatarta digiri 60 yake ɗagawa, kunamarta ana daidaita ta, bututun kuma kusoshi biyu ke riƙe da shi, kamfanin da kansa ya yi shi don a riƙa sauyawa. Samfurin MTR yana zuwa da ɗakin harsashi matsattse irin na gasa. Ƙotoci da kunamomi na ƙari sun yi mata yawa yanzu. Bututun .22 yana cin harsashi dubbai goma-goma bai gaji ba, ba ta da bugun baya, ƙararta kaɗan ce, kuɗin harsashi ɗaya na .308 kuma yana sayen na .22 da yawa. Ga wanda yake son koyon karatun iska, harsashin .22 a mita 100 cikin iskar hunturu malami ne mai tsanani: kuskure kaɗan, allo zai nuna maka. Rauninta shi ne tana da zaɓen harsashi, wani kamfani ta so shi wani ta ƙi, kuma man da ke jikin harsashin yana narkewa a zafi ya kama ƙura, sai an riƙa share ɗakin harsashi a kai a kai. Tikka T1x abokiyar takararta ce, kuma tana shiga ƙotocin T3x da yawa, abin da zai amfani mai niyyar mallakar biyun.

A taƙaice cikin jadawali

| Uwa | Kuɗin saye | Aikin gwani kafin gasa | Kayan ƙari | Ƙura da zafi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Remington 700 | matsakaici | mai yawa | sun fi na kowa | matsakaici | inganci ya danganta da shekarar ƙira. Tsohuwar kunama |
| Tikka T3x | mai tsada | kaɗan ƙwarai | da yawa | da kyau | tsadar gidan harsashi |
| Howa 1500 | mai sauƙi | kaɗan | matsakaici | da kyau ƙwarai | ƙarancin bututun canji |
| Savage 110 | matsakaici | kaɗan | da yawa, amma awo ya bambanta | matsakaici | odar abin da bai shiga ba |
| Mauser 98 ta soja | araha a ido | ya fi na kowa | na farauta ne | babu kamarta | asali da lafiyar ƙarfe |
| CZ 457 | mafi sauƙi | kusan babu | da yawa | sai da yawan shara | zaɓen harsashi. Ba ta nesa ba ce |

Wa ya dace da wace

In yanzu kake shiga wasan, ko filin da kake samu bai wuce mita 100 ba, ɗauki CZ 457 mai kaurin bututu, ka zuba ragowar kuɗin a madubi da harsashi. Yawancin masu tambayata a nan nake tsayar da su, ko da sun zo da zancen mita 600 a baki, domin mai harba ɗari biyu a wata da .22 zai wuce mai harba ashirin da .308.

In kana da izinin babban harsashi da filin mita 300 ko fiye, kuma aljihu zai ɗauka, Tikka T3x Varmint ko CTR. Ka bar mata bututunta da kunamarta, ka sake ƙota in ta asali ba ta zauna maka ba, ka sayo gidan harsashi na biyu a oda ɗaya don kada ka sake bin layin takardu saboda ƙaramin abu. In kuɗin bai kai nan ba, Howa 1500 uwa da bututu a haɗe, da ƙota mai ƙashin alminiyom. A kan allo da wuya ka ga bambancinsu. A hannu ne za ka ji shi, wajen jan sakata.

Savage ta dace da wanda ya riga ya san gwani mai izini da zai riƙa yi masa aiki, yake kuma da niyyar sauya girman harsashi nan gaba bisa takarda. Ya rubuta lambar samfurin da shekarar ƙira kafin ya yi odar ko kusa ɗaya. Remington 700 kuwa sai ga wanda za a gama masa ginin gaba ɗaya a waje, a gwada ta a can, ta shigo a matsayin bindiga ɗaya mai lamba ɗaya a takarda ɗaya. In ba haka ba, Bergara B-14 za ta ba shi ƙotoci da kunamomin da yake kwaɗayi ba tare da zuwa wajen mai injin ba.

Mai Mauser ta gado wadda takardunta suke daidai, shawarata ya bar ta yadda take, ya kai ta gwani ya auna ratar harsashinta, ya riƙa fita da ita lokacin da aka buɗe farauta. Kuɗin da zai kashe wajen mayar da ita ta gasa ya isa ya sayi CZ 457 da madubinta.